Gaisuwar Suruki a Hanyar Riruwai

Daga Kwanar Ɗangora zuwa saman hawan Riruwai kilomita ɗari da goma sha biyu ne a ma'aunin wayar Mujitaba. Talatin na farko shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce tsakanin gonakin dawa da masara. Daga nan sai ƙananan tudduna kafin Tudun Wada, sai dajin Falgore inda hanya take hawa da sauka ba ta barin ƙafa ta huta, sai Doguwa, sai kwanar da ake barin babban titi a nufi duwatsu. Kilomita bakwai na ƙarshe hawa ne zalla.

Mujitaba yana da shekara talatin da ɗaya. Yana da rumfar gyaran keke da babur a Kiru, da mata ɗaya, Shamsiyya, da 'ya ɗaya, Khairat. Kekensa na tsere ɗan gwanjo ne, shekara shida yana hannunsa, kuma babu sifok ɗin da bai taɓa canzawa ba a jikinsa. Duk Talata da Asabar yakan rufe rumfa ya bi wannan hanya shi kaɗai.

A farkon watan Oktoba Koci Abdulganiyu, mai horar da 'yan tseren keke na jiha, ya sanar cewa zai fitar da mutum shida daga cikin tara da za su shiga sansanin horo na gasar ƙasa. Da yake a ƙasar duwatsu za a yi gasar ta bana, ya zaɓi hanyar Riruwai don gwajin. Za a saki kowa shi kaɗai, da tazarar minti biyu, a ɗauki shida mafiya sauri. Ya kuma ja Mujitaba gefe ya gaya masa cewa daga baɗi 'yan ƙasa da shekara ashirin da uku kawai zai riƙa ɗauka. Sau biyu a baya Mujitaba ya shiga gwaji a miƙaƙƙiyar hanya, masu ƙirar ƙarfi suka bar shi a baya. Shi siriri ne, hawa ne nasa. Wannan ne karo na farko da aka kawo gwajin kan tudu, a hanyar da ya fi kowa sani, kuma shi ne na ƙarshe a gare shi.

Saura kwana goma sha biyu suka haɗu da Koci a teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora. Koci ya ce a lissafinsa duk wanda ya yi awa uku da minti arba'in da ɗaya zai shiga cikin shida. Mujitaba ya miƙa masa wayarsa, wadda take auna masa tafiya, ya nuna masa na Talatar da ta wuce: awa uku da minti talatin da takwas.

Koci ya daɗe yana kallon wayar. Ya danna wani wuri da Mujitaba bai taɓa dannawa ba, wata lamba ta fito a ƙarƙashin ta farko: awa uku da minti arba'in da tara. Ya duba na sauran ranakun. Kowace rana akwai bambancin minti goma ko goma sha ɗaya, kuma duk a wuri ɗaya suke ɓacewa, a kilomita na ashirin da bakwai.

"Me kake yi a nan?"

"Gaisuwa, ranka ya daɗe. Garin surukaina ne."

"To wayar taka kunya gare ta irin taka. Da ka tsaya sai ita ma ta tsaya, ta kau da kai. Agogona ba ya haka. Daga lokacin da na sake ka har ka taka layina, ko sallah ka tsaya yi yana ƙirga ta."

Garin shi ne Kwanar Tsamiya, ƙauye mai gida kamar sittin da titi ya ratsa ta tsakiyarsa. Masallacinsa yana bakin kwalta. A gindin tsamiyar da ke gaban masallacin Malam Abdussalami, mahaifin Shamsiyya, yake zama kullum daga bayan asuba zuwa hantsi, magidanta suna ɗaukar karatun littattafai a wajensa. Babu wata kwalta da ta kewaye wurin.

Mutumin kirki ba ya wuce surukinsa a kan keke. Balle a cikin gajeren wandon tsere, mai matse jiki, wanda bai kai gwiwa ba. Saboda haka tsarin Mujitaba bai taɓa canzawa ba. Yakan ja birki a kwalbatin da ke kafin gari, ya shiga bayan wata rumfar kara, ya zaro dogon wando daga aljihun bayan rigarsa ya ɗora. Ya cire hular kwano, ya cire takalmi, ya tura keken da hannu har jikin masallaci. Ya tsuguna ya jira Malam ya kai ƙarshen layin da yake fassarawa. Sai a yi kwana, a yi gajiya, a yi iyali, a yi damina, a tambayi Khairat. Sai ya gaida abokan Malam ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tura keken har ya ɓace wa idonsu a bayan injin niƙa, ya cire wandon, ya hau. Bai taɓa ƙirga wannan a cikin tafiyar ba, kamar yadda ba ya ƙirga numfashinsa.

Ya roƙi Koci a fara gwajin da azahar, lokacin da Malam yake cikin gida. Koci ya ce ba zai saki yara a Falgore da tsakar rana don surukin wani ba. Ya roƙi a fara daga Tudun Wada. Koci ya ce hanyar ke nan, an riga an sanar.

Ranar Alhamis ya je ya nemi kewaye. Akwai turbar ƙafa da take bi ta bayan gari, tsakanin gonakin dawa, ta fito bayan injin niƙa. Ruwan ƙarshen damina ya bar ta da taɓo. Ya bi ta rabi a kan keke rabi da keken a kafaɗa, ta ci masa minti goma sha huɗu, ƙaya kuma ta huda masa tayar baya. Wata mata da ke tsinkar wake ta gane shi, ta tambaye shi ko lafiya yake bin bayan gari.

Ranar Asabar ya gwada nemo mintunan a ƙafarsa. Ya gaida Malam a gurguje, gwargwadon abin da ladabi zai ɗauka, ya rage minti ɗaya da rabi. Ya taka Falgore har idonsa ya riƙa ganin duhu-duhu, ya hau Riruwai a tsaye. A sama ya duba lamba ta ƙasa, wadda yanzu ita kaɗai yake dubawa: awa uku da minti arba'in da biyar da rabi. Talatar da ta biyo baya ya sake, ƙafarsa ba ta gama warkewa ba, ya yi arba'in da bakwai. Ya dawo gida da la'asar ya zauna a bakin rijiya, ya kasa ɗaga guga.

Saura hanya ɗaya: Malam ya san cewa ranar Asabar zai wuce ba tare da ya tsaya ba, ya kuma yafe tun kafin a yi. Amma a shekara huɗu na aurensa Mujitaba bai taɓa yi wa Malam maganar da ta wuce gaisuwa ba. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Ya kwana biyu yana shirya kalmomin a ransa, duk sanda ya kai wajen "ba zan tsaya ba" sai ya koma farko.

Ranar Laraba da yamma ya gaya wa Shamsiyya, tana yanka kuɓewa a tsakar gida. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta yi dariya.

"Baban Khairat, kai da kake hawa dutsen da mota take tari a kansa, amma Baba ya gagare ka? Mutumin da ko kaza ba ya iya kora."

"Ba wasa nake ba. Wannan ce ta ƙarshe."

"Na ji. To ka sa dogon wandon tun daga gida, ka ɗaga masa hannu ka wuce."

"In ɗaga wa Malam hannu? Kamar direban tirela?"

Ta daina dariya. Ya gaya mata saƙon dalla-dalla, ya sa ta maimaita. So yake ta gaya wa Inna, mahaifiyarta, Inna kuma ta gaya wa Malam: ranar Asabar da safe zai wuce a guje, ba zai samu tsayawa ba, a yi masa afuwa, ranar Lahadi zai zo musamman ya yi gaisuwa. Shamsiyya ta ce wannan ai ba wani abu ba ne.

Washegari ta hau mota da Khairat ta tafi Kwanar Tsamiya. Ta tarar da mahaifiyarta, Inna Furera, tana surfe. Sai da ta kusa tafiya ta ɗauko maganar, kuma da ta ɗauko sai ta ji nauyinta. 'Ya ba ta zama gaban uwarta tana zancen miji, balle ta ce mijin zai wuce mahaifinta bai sauka ba. Ta sunkuyar da kai ta ce wai ranar Asabar suna da jarrabawar keke, shi ne zai biyo ta nan da safe, yana cikin sauri, a yi masa uzuri, a kuma sa shi a addu'a. A ganinta ta faɗi komai.

Inna Furera ta kai wa Malam ruwan alwalar magariba. Ita ma ta auna maganar. Batun uzuri bai yi mata daɗin faɗa ba, don ba a neman afuwar laifin da ba a yi ba, kuma sauri ba abin da za a ambata wa babba ba ne. Ta ce mijin Shamsiyya yana da jarrabawa ranar Asabar, zai biyo da safe, yana roƙon addu'a.

Malam ya idar da alwala. Sannan ya ce shekara huɗu yaron nan bai taɓa roƙonsa ko allura ba. Bayan sallar Juma'a ya gaya wa abokansa su fito da wuri gobe.

Shamsiyya ta dawo Kiru ta ce ta gaya wa Inna. Mujitaba bai tambaye ta da waɗanne kalmomi ba. Ranar Juma'a ya wanke sarƙa da kananzir ya sa mata mai, ya canza robar birki, ya sa dabino goma sha biyu a leda. Dogon wandon ya ɗaga shi a hannu, ya ji nauyinsa, ya rataye shi a ƙusa.

Asabar ta waye ba hadari, ba iska. Koci ya tsayar da motarsa a gefen titi a Kwanar Ɗangora, ya ja layi da alli a kan kwalta. Da ƙarfe bakwai daidai ya saki na farko. Mujitaba ne na biyar, ya tashi bakwai da minti takwas. Huɗu suna bayansa, na farkonsu Ammar, ɗan shekara goma sha tara daga Bebeji, wanda yake kiran Mujitaba Kawu don ya ba shi haushi.

Ƙafarsa ta yi kyau. Ya ji haka tun a kilomita na biyar. Manoma sun yi shanyar masara a kafaɗar titi, ya riƙa bin farin layi. A kilomita na ashirin yana gaban lissafinsa da kusan minti ɗaya. Ya wuce kwalbatin Kwanar Tsamiya bai taɓa birki ba, karo na farko a shekara huɗu, ya sunkuyar da kai ya ƙara giya.

Da ya ɗago sai ya ga fararen riguna a bakin titi.

Mutum goma sha huɗu ne, an ƙirga daga baya. Ba a gindin tsamiya suke ba, sun fito har bakin kwalta sun yi sahu. Sau huɗu suna ɗaga hannu ga masu wucewa suna zaton shi ne. A gabansu Malam Abdussalami yana tsaye, ya dogara sanda, ya sa rigarsa ta Juma'a. Mujitaba bai taɓa ganin Malam ya miƙe tsaye don wani ba.

Tsakaninsu mita ɗari uku ne, abin da keke a wannan gudu yake ci a daƙiƙa talatin. Daga baya Mujitaba ya ce bai yanke wata shawara ba. Ya ga Malam ya gane shi, ya ga ya miƙa wa na kusa da shi sandar don ya samu hannu biyu, sai kawai ya ji tayar baya tana ƙara a kan kwalta.

Ya zare ƙafa daga feda, ya kwantar da keken a ƙasa, ya fizge takalmi. Sai da ya tsuguna ya tuna wandon yana Kiru a kan ƙusa. Ya cire hular kwano ya ɗora a gwiwa, ba ta rufe komai ba. Dattawa suka kau da ido. Wani tsohon makiyayi, Hamman, wanda yake zuwa karatu daga rugarsu, ya sauke mayafin kafaɗarsa ya jefa masa a cinya.

Malam ya amsa gaisuwa a taƙaice. Ya ce saƙo ya iso, kuma ya ji daɗi. Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Malam ba ya gaggawa a addu'a. Ya fara da salati, ya yi wa Annabi da sahabbai, ya yi wa iyaye da malamai, ya yi wa ƙasa, ya zo kan amfanin gona. Mujitaba yana cewa amin. Sai ya ji shuuu ɗin taya a bayansa. Ammar ke nan. Minti biyu sun tafi.

Malam ya iso kansa. Ya roƙa masa nasara a jarrabawa, da tsari daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, da albarka a sana'a da zuriya. Shuuu na biyu ya wuce. Aka shafa. Mujitaba ya motsa ƙafa zai miƙe.

"Malam Shitu," in ji Malam, "a ƙara mana."

Haka ake yi. Ba a tara malamai a bar mutum ɗaya ya yi addu'a shi kaɗai, kamar sauran ba su da baki. Malam Shitu, na'ibin liman, ya gyara murya. Bayansa aka ba Malam Rufa'i, wanda ya fi kowa shekaru, kuma yakan maimaita kowace gaɓa sau uku. Na uku ya wuce. Na huɗu ya wuce. Daga nan titi ya yi shiru, sai wata tirela da ta rage gudu, direban ya leƙo ya ce amin.

Mujitaba ya kalli ƙasa tsakanin yatsun ƙafarsa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan mayafin Hamman. Ya ji cinyoyinsa suna sanyi, suna ɗaurewa.

Da aka shafa ta ƙarshe sai ga kwanon fura daga cikin gida, Inna ta aiko. Wani ya ce ya ɗan kurɓa. Malam Rufa'i ya ce ku bar shi, ina zai iya sha a gaban surukinsa. Aka yi dariya, aka mayar da kwanon. Mujitaba ya yi godiya, ya sa takalmi, ya ɗaga keken ya fara turawa wajen injin niƙa, mayafin yana ɗaure a ƙugunsa.

Malam ya kalli titin da ya zama fayau, ya kalli inda sauran suka ɓace. Da alama a lokacin ne ya fahimci irin jarrabawar.

"Waɗannan da suka wuce, tare kuke?"

"Tare muke, Allah gafarta Malam."

"Hau nan. Ba wa Hamman mayafinsa, ka hau ka tafi."

Ya hau a gaban surukinsa. Tsayuwar ta ci minti tara da daƙiƙa arba'in.

Lissafin ba shi da wuya, ya yi shi kafin ya kai injin niƙa. In zai shiga cikin arba'in da ɗaya, dole abin da zai yi a kan feda ya zama awa uku da minti talatin da ɗaya da 'yan daƙiƙu. Mafi saurin da ya taɓa yi talatin da shida ne. Saura kilomita tamanin da biyar.

A Tudun Wada motocin masara sun cushe gaban tasha. Ya bi ta tsakaninsu, madubin wata mota ya goge masa kafaɗa, wani ɗan acaɓa ya zage shi. Bai waiwaya ba. Ya ci dabino uku a haɗe ya tofar da ƙwallayen. Ƙafar da ta yi sanyi a tsugune sai da ta yi kilomita goma kafin ta dawo, kuma ba ta dawo duka ba.

A bakin daji jami'an tsaro da ke shinge sun saba da shi, suka ɗaga masa hannu. Ɗaya ya ce masa abokanka sun yi nisa. Tsarin da ya saba shi ne ya raba Falgore biyu, ya lallaɓa rabin farko ya ajiye ƙarfi don duwatsu. Ya watsar da tsarin. Kowane tudu ya hau shi a tsaye, kowace gangara ya taka ta har feda ta daina kamawa. Ya san kowane rami, ya san inda kwalta ta zaizaye bayan gada, bai rage gudu a ko'ina ba. A tsakiyar daji ya hango riga ja, na ƙarshen tashi ne. Ya wuce shi. Bayan kilomita shida ya wuce wani.

Motar Koci ta zo ta jera da shi. Koci ya sauke gilashi, ya dubi agogon da ke rataye a wuyansa, ya ce yana bayan lissafi da minti biyar da rabi. Bai tambaye shi komai ba, ya riga ya gani da idonsa lokacin da ya wuce Kwanar Tsamiya. Motar ta yi gaba.

Gorar ruwa ta farko ta ƙare kafin ƙarshen daji. Ta biyu ya shanye rabinta, ya zuba sauran a kai, abin da ya san bai kamata ba. Rana ta take. A Doguwa wani garke yana tsallaka titi, ya kutsa tsakanin saniya ta ƙarshe da mai kiwon, ƙahon ya wuce gwiwar hannunsa da ɗan yatsa. A kwanar Riruwai ya duba agogo. Ya rage bashin hanya zuwa minti uku da wani abu. Saura kilomita bakwai, duka hawa.

Nan ne wurinsa. Kilomita biyu na farko hawan yana da sauƙi, ya ci su da babbar giya. Ya wuce mutum biyu a jere, ɗayansu ya sauka yana turawa. A na uku hanya ta miƙe tsaye tsakanin duwatsu, zafi yana tasowa daga kwalta. Ya hango Ammar a kwanar sama, yana lilo hagu da dama. Ya kama shi a na huɗu.

"Kawu, an shafa?" in ji Ammar, da ƙyar muryar take fita.

Mujitaba ya ƙara taka feda. Ya wuce. Amma wuce Ammar bai isa ba, shi ma ya sani. Ammar ya tashi bayansa da minti biyu. Sai ya riga shi taka layi da fiye da minti biyu kafin a ce ya fi shi.

A na biyar jijiyar cinyarsa ta hagu ta ɗaure kamar an daka mata guduma. Ya zauna a sirdi, ya riƙa takawa da dama, hagu tana bi. Ya yi amai a gefe bai tsaya ba, dabino ne da ruwa. Ya waiwaya sau ɗaya, ya ga Ammar ƙarami a ƙasa, amma yana zuwa. Ya sake miƙewa tsaye, jijiyar ta sake kamawa, ya ci gaba a haka yana wani irin gurnani da shi kansa bai san yana yi ba. Wasu mata masu ɗauke da itace suka ja gefe suna kallonsa.

Ya ga motar, ya ga layin alli. Ya taka shi, ya kasa zare ƙafa daga feda, ya faɗi a gefe da keken a jikinsa. Direban Koci ne ya zare shi.

Yana kwance yana ƙirga daƙiƙu. Ya kai sittin. Ya kai saba'in. A tamanin da biyu ya ji tayar Ammar a kan layi.

Sai da na ƙarshe ya iso Koci ya tara su a inuwar wani dutse, ya karanta daga takarda, daga na ɗaya zuwa ƙasa. Na shida Ammar, awa uku da minti arba'in da biyu da daƙiƙa goma sha biyu. Na bakwai Mujitaba, arba'in da biyu da hamsin. Bambancin daƙiƙa talatin da takwas ne.

Mujitaba ya ja jiki ya matsa kusa da Koci, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ranka ya daɗe, ka ga abin da ya faru. Ya ce ba gajiya ce ta tsayar da shi ba. Ya tambaya ko za a cire masa ko da rabin tsayuwar, ko a tafi da shi a matsayin na ko-ta-kwana, ko a sake gwada su biyun ranar Talata. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka da Koci ba.

Koci ya bar shi ya gama. Ya ce ya gani, kuma a shekarunsa na wannan aiki bai taɓa ganin an hau dutsen nan haka ba. Ya ce gado shida aka ba shi a sansani.

"In na cire maka minti ɗaya, Ammar zan cire. Juya ka dube shi, in ka ce in yi, sai mu yi magana."

Mujitaba ya juya. Ammar yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, gishirin gumi ya yi fari a bayan rigarsa, yana riƙe da gorar da ya kasa buɗewa. Bai ɗago ba, ko da yake ya ji komai.

Mujitaba ya kau da kai. Ya koma inda ya taso ya zauna, ya miƙe ƙafar hagu.

Koci ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce mutum shidan nan su hallara ranar Litinin da ƙarfe goma, kowa ya zo da katifarsa, da bokiti, da gidan sauro, da kwanon cin abinci, da hoto guda biyu. Mujitaba ya saurari jerin kayan har ƙarshe.